Daga bakin talaka zuwa cikin uwar na'ura: ina bayanan mutanen Gidan Amumune ke tafiya?

Tun zamanin Turawan mulkin mallaka talakan ƙasar Hausa ya san zuwan malamin rubuta sunaye. A wancan lokaci akan tara magidanta a ƙofar gidan mai gari, a buɗe wani ƙaton littafi, a tambayi kowa yawan matansa da ƴaƴansa da dabbobinsa, domin a yanka masa bodo da jangali. In an gama, littafin ya koma ofishin kwamandan ya kwanta cikin kabad, kuma duk mai son sanin abin da aka rubuta a kansa ya san garin da zai dosa.

Har yau malamin yana zuwa ƙauyukan Gidan Amumune, cikin gundumar Mayahi ta jihar Maraɗi, da ƙauyukan maƙwabciyarta gundumar Tasawa. Sai dai yanzu babu littafi a hannunsa. Salula ce ko wani ɗan allo mai haske yake latsawa da yatsa, kuma kafin ya tashi daga tabarmar da aka shimfiɗa masa, mai yiwuwa ne amsoshin da aka ba shi sun riga sun isa Yamai, ko ma sun ƙetare teku.

Abin da ke cikin wannan allo shi ake kira fom, wato takardar cikewa irin ta na'ura. Da ita ake rubuta masu zaɓe, da ita ake tantance gidajen da za a bai wa agaji, da ita asibitoci ke aika rahoton wata, da ita kuma ake yi wa layin salula rajista. Tunda kuwa ƙuri'ar mutum da abincin iyalinsa suna iya rataya ga abin da aka cika a gurbi guda, ya kamata mai karatu ya san yadda take aiki, da hanyar da amsarsa ke bi, da hannun da take faɗawa daga ƙarshe.

Gurabu da sunayensu

A shekarar 1989 ne wani Bature ɗan Ingila mai suna Tim Berners-Lee, wanda ke aiki a cibiyar bincike ta CERN kusa da birnin Janeba na ƙasar Suwis, ya gabatar da tsarin shafukan da ake buɗewa a intanet. Da farko shafukan na karatu ne kawai: mutum ya duba, ya wuce. A 1993 manhajar buɗe shafuka mai suna Mosaic, wadda aka ƙera a wata jami'a ta Amurka, ta zo da gurabun da mai karatu zai iya rubutu a ciki ya mayar da amsa. A watan Nuwamba na 1995 aka tabbatar da ƙa'idojin waɗannan gurabu cikin HTML, harshen da ake gina shafuka da shi. Tun daga nan shafi ya koyi yin tambaya.

Kowane gurbi yana da sunaye biyu. Akwai wanda ido ke gani, kamar “Sunan mai gida” ko “Yawan yara”, akwai kuma wani gajeren suna na ɓoye wanda na'ura ke ganewa da shi. Gurabun iri-iri ne. Wani na rubutu ne, wani ba ya karɓar komai sai lamba, wani na kwanan wata ne, wani jerin amsoshi ne da za a zaɓi guda daga ciki, wani na hoto ne, wani kuma yana ɗaukar matsayin wurin da ake tsaye ta hanyar taurarin ɗan'adam.

Wanda ya gina fom yakan kafa masa sharuɗɗa. Yana iya hana a wuce wani gurbi ba a cika shi ba. Yana iya hana a rubuta shekarun da suka wuce hankali, ko lambar salular da ba ta cika lambobi takwas ba kamar yadda take a Nijar. Yana iya sa wata tambaya ta ɓuya in amsar da ta gabace ta “a'a” ce: wanda ya ce ba shi da dabba, ba za a tambaye shi yawan awakinsa ba. Waɗannan sharuɗɗa suna rage kuskure ƙwarai, amma iyakacinsu ke nan. Na'ura tana gane cewa lamba ce aka rubuta, ba ta gane ko lambar gaskiya ce.

Bugu da ƙari, akwai bayanan da fom ke ɗauka ba tare da an tambayi kowa ba: lokacin da aka soma cikawa da lokacin da aka ƙare, lambar shaidar salular da aka yi aiki da ita, da adireshin da saƙon ya fito. Da su ne shugabannin aiki ke gane ma'aikacin da ya zauna ƙarƙashin itace guda ya cika takardun gidaje arba'in cikin awa ɗaya.

Tafiyar amsa bayan an latsa “aika”

Da zarar an latsa maɓallin aikawa, salula takan tattara amsoshin ta jera su biyu-biyu, kowane suna na ɓoye tare da abin da aka cika a gurbinsa: gari, Gidan Amumune, yara, 6, rufin ɗaki, kara. Sa'an nan ta nemi adireshin babbar kwamfutar da aka gina fom ɗin domin ta, wato uwar na'ura, wadda masu sana'ar ke kira saba. Ita wannan ba ta barci, aikinta jiran saƙo dare da rana.

Hanyoyin aikawa biyu ne sanannu. A ta farko, mai suna GET, ana liƙa amsoshin a jikin adireshin kansa, tamkar mai rubuta saƙonsa a bayan ambulan. Ta dace da neman abu cikin shafi, amma ba ta dace da sirri ba, domin adireshi yana zama cikin tarihin salula da littafin ajiyar uwar na'ura. A ta biyu, mai suna POST, ana sa amsoshin cikin cikin saƙon, kuma da ita ake aika sunaye da hotuna. Duk da haka ambulan ɗin buɗe yake muddin ba a kulle shi ba. Kullewar ita ce abin da kamfanin Netscape ya fito da shi a tsakiyar shekarun 1990, wanda a yau ake ganewa da haruffan https a farkon adireshi. In akwai su, saƙon yakan rikiɗe ya zama tarkacen lambobi tun daga salula har uwar na'ura, ta yadda wanda ya tare shi a hanya ba zai karanta komai ba.

Hanyar kuwa doguwa ce. Saƙon yakan tashi daga salula zuwa dogon ƙarfen kamfanin waya mafi kusa, daga nan zuwa cibiyar kamfanin, daga can ya shiga wayar gilashi da aka binne cikin ƙasa. In uwar na'urar tana Yamai, tafiya ta ƙare. In tana Turai ko Amurka, tilas ya ratsa wata ƙasa maƙwabciya har bakin teku, tunda Nijar ba ta da gaɓa, ya bi wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin ruwa. An ga muhimmancin waɗannan wayoyi ranar 14 ga Maris 2024, sa'ad da huɗu daga cikinsu suka lalace daura da gaɓar Kodibuwa, intanet ya raunana a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma, har da Nijar.

In saƙo ya isa, uwar na'ura takan sake bincika shi, ta zuba shi cikin rumbun bayanai, inda kowane gida ke da layinsa, kowace tambaya ke da ginshiƙinta. Daga nan ta mayar da amsa da lamba: 200 alamar an karɓa, 404 alamar ba a sami adireshin ba, 500 alamar ita kanta ta sami matsala. Duk wannan kai da komo, in rezo yana da ƙarfi, bai fi ƙiftawar ido kaɗan ba.

To, ƙauyen da babu rezo fa? Saboda irinsa ne aka ƙera manhajoji kamar ODK, wadda ta fito daga Jami'ar Washinton ta Amurka a 2008, da KoboToolbox, wadda ƙungiyoyin agaji ke yawan aiki da ita. Su suna ajiye amsoshin cikin salula har ranar da ma'aikaci ya kai inda rezo yake, a Mayahi ko Tasawa ko kan wani tudu, sa'an nan su aika gaba ɗaya. Ma'anar haka ita ce, tsakanin cikawa da aikawa, sunayen ƙauye guda suna cikin aljihun mutum ɗaya. In salular ta ɓace ko ta faɗa ruwa, aikin ya tafi da ita.

Inda talaka ya riga ya gamu da ita

Mutanen wannan yanki sun ga aikin a fili tsakanin 2019 da 2020, lokacin da hukumar zaɓe ta CENI, tare da kamfanin Gemalto, ta yi rajistar masu zaɓe da hoto da zanen yatsu. A gaban kowane ma'aikaci akwai kwamfuta da abin ɗaukar hoto da gilashin ɗora yatsu. Bayanan da aka tara aka kai su cibiya a Yamai, inda na'ura ta gwada zanen yatsun jama'a da juna domin fitar da wanda ya yi rajista sau biyu. Kundin da ya fito yana ɗauke da mutum 7.446.556, kuma da shi aka yi zaɓen ƙananan hukumomi na 13 ga Disamba 2020, da na shugaban ƙasa da ƴan majalisa na 27 ga wannan wata, da zagaye na biyu na 21 ga Fabrairu 2021. Wanda sunansa bai shiga ba, bai jefa ƙuri'a ba, ko da kowa a garinsu ya shaide shi.

Haka nan a fannin agaji. Shirin tallafa wa gidaje marasa ƙarfi da gwamnati ta soma a 2011 da taimakon Bankin Duniya, wanda jihar Maraɗi ke cikin jihohin da ya shafa, ya riƙa bai wa gida jika goma a wata har tsawon shekara biyu. Ɗaya daga hanyoyin zaɓen gidajen ita ce tambayoyi a kan yawan mutanen gida, irin ginin ɗaki, dabbobi da kayan da aka mallaka. Kowace amsa tana da nauyinta, kwamfuta ta haɗa lissafi, ta jera gidaje daga mafi rauni zuwa mai dama-dama, a ja layi a inda kuɗi suka tsaya. A irin wannan lissafi, akuya biyu da aka rubuta bisa kuskure suna iya tsallakar da gida zuwa bayan layi.

A fannin lafiya kuma, alƙaluman da ƙananan asibitoci ke tarawa kowane wata, na masu zazzaɓin cizon sauro da yara masu tamowa da matan da suka haihu, ana shigar da su cikin manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwai ke kula da ita, kuma ƙasashe fiye da 70 ke aiki da ita. Da waɗannan alƙaluma ake duba inda cuta ta taso da inda za a tura magani.

Inda gizo ke saƙa

Yawancin kurakurai ba a cikin wayoyi suke faruwa ba, a bakin gurbi suke faruwa, domin wanda ya gina fom sau da yawa bai san zaman ƙauye ba. Sunan garin kansa misali ne: Bahaushe ya rubuta Gidan Amumune, takardun gwamnati su rubuta Guidan Amoumoune, Tasawa ta zama Tessaoua. Ga ɗan'adam gari ɗaya ne, ga na'ura kuwa garuruwa biyu ne, sai fa in an ba kowane gari lambarsa. Haka sunayen mutane: Usumanu da Ousmane da Usman, Hadiza da Hadijatou. Haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, suna da gurbinsu cikin tsarin Unicode, amma tsohuwar manhajar da ba ta san su ba takan mayar da su alamar tambaya.

Sai batun shekaru. Dattawa da yawa ba su da takardar haihuwa, katinsu yana cewa an haife su “wajen” shekara kaza. Gurbin kwanan wata kuwa ba ya karɓar “wajen”, yana son rana da wata da shekara. Saboda haka galibi akan rubuta 1 ga Janairu, har ka ga rabin dattawan gari sun zama ƴan rana ɗaya. In aka haɗa wannan da sunaye masu kama da juna, mutum biyu suna iya zama ɗaya a idon na'ura, a share guda da sunan maimaici.

Akwai kuma al'ada. Macen da ta san kunya ba ta faɗin sunan mijinta ko na ɗanta na fari, sai ta yi shiru ko ta ambaci laƙabi, wata maƙwabciya ta amsa a madadinta. Fom yana tambayar “iyali” da nufin masu ci daga tukunya ɗaya, mai amsa kuma yana nufin duk wanda ke cikin gidan, da ƙannensa da matansu masu noma gandu tare. Fom yana son eka da kilo, manomi yana lissafi da dami da tiya. Mai gida ya tafi ci-rani Kano ko Agadas ko Libiya: a ƙirga shi ko a bar shi? Ga tambayoyin an rubuta su da Faransanci, ma'aikaci ne ke juya su zuwa Hausa a tsaye, kowa da irin juyinsa. Sannan tsoron bodo bai fita daga zukata ba, wani yana rage dukiyarsa, wani yana ƙara yawan ƴaƴansa don tsammanin rabo. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Amsar da aka aika ta fi bunu wuyar mayarwa, gama nan da nan ake kwafe ta zuwa rumbuna da yawa.

Wa ke riƙe da mabuɗin rumbu?

Kulle saƙo a hanya bai tsare shi a masauƙinsa ba. A watan Janairu na 2022 ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa ta Kurwa Ruj, wato CICR, ta sanar cewa ɓarayin intanet sun kutsa cikin na'urorin da ke ajiye bayanan mutane fiye da 515.000, galibinsu waɗanda yaƙi ko hijira ko bala'i suka raba da danginsu. In hakan ta sami ƙungiya mai wannan ƙarfi, ƙaramar ƙungiya ba ta da hujjar sakaci.

Wani haɗarin ya fi kusa da gida. Gina fom ba ya bukatar izinin kowa, kuma ɗan damfara yana iya sa tutar ƙasa da tambarin wata hukuma a kan nasa, ya watsa shi ta WhatsApp da alkawarin tallafi ko aikin yi, ya nemi lambar salula da hoton katin ɗan ƙasa da lambar sirri ta asusun kuɗi. Shafinsa ma yana iya ɗaukar haruffan https, domin su shaidar kulle hanya ce kawai, ba su shaidar halin mai karɓa. Babu wata hukuma ko ƙungiyar kirki da ke tambayar lambar sirrin mutum, ko ta ce a biya kuɗi kafin a rubuta shi cikin masu samun agaji.

Doka ba ta bar talaka hannu sake ba. Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane, mai lamba 2017-28, ranar 3 ga Mayu 2017, ta kuma sabunta ta da doka mai lamba 2022-59 ta 16 ga Disamba 2022. Hukumar HAPDP aka ɗora wa alhakin sa ido a kan aiki da ita. A 2019 an kafa dokar hukunta laifuffukan da ake aikatawa ta na'ura. A matakin nahiya kuma akwai yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka, wadda aka amince da ita a 2014, ta soma aiki a 2023. Jigon waɗannan dokoki ɗaya ne: a gaya wa mutum wanda ke karɓar bayanansa da dalilin karɓa, kada a yi amfani da su a wani abu daban, a tsare su, kuma mai su yana da ikon ganin abin da aka rubuta a kansa da neman a gyara kuskure.

Abin da ya rage ga jama'a

Dokar da ke Yamai ba ta amfanin wanda bai san da ita ba a Gidan Amumune. Saboda haka nauyi na farko yana kan masu gari da limamai da malaman makaranta da gidajen rediyon karkara, su sanar da jama'a cewa tambayar mai tambaya ba rashin ladabi ba ne. Kafin a amsa, a nemi sanin wanda ya aiko shi, da takardar shaidarsa, da amfanin da za a yi da amsoshin, da ofishin da za a je in an ga kuskure. Bayan an amsa, kafin ya latsa maɓallin aikawa, a roƙe shi ya karanto abin da ya cika da Hausa, suna da shekaru da yawan mutanen gida, a gwada da abin da ke kan kati. In akwai rasit ko lambar rajista, a karɓa a adana tare da takardun gida. In an liƙa jerin sunaye a ofishin ƙaramar hukuma ko ƙofar mai gari, a je a duba tun wa'adin gyara bai wuce ba. Jariri kuma a yi masa takardar haihuwa da wuri, domin ya tsira daga zama ɗan 1 ga Janairu.

Nauyi na biyu yana kan masu gina fom da masu tura ma'aikata. Su fassara tambayoyinsu zuwa Hausa tun a ofis, su gwada su a ƙauye kafin ranar aiki, su buɗe gurbin dami da tiya da na “wajen shekara kaza”, su daina tambayar abin da ba su da bukatarsa, su kuma koma su shaida wa mutane sakamakon abin da suka tara. Gyaran harafi guda a kan tabarmar mai gari minti ɗaya yake ci. In an bari ya shiga rumbu, sai an yi kuɗin mota zuwa Mayahi, wani lokaci har Maraɗi, kuma kafin a dawo an riga an raba abin da za a raba.